Me ya hana Pakistan amincewa da Isra'ila har yau, alhali wasu Larabawan sun shirya da ita?

Sadiq_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, ina so masu sani su warware mini. Pakistan ba ta da iyaka da Isra'ila, ba ƙasar Larabawa ba ce, kuma ba su taɓa gwabza yaƙi gaba da gaba ba. Amma tun 1948 har yau ta ƙi amincewa da ita a matsayin ƙasa, har a jikin fasfonta an rubuta cewa yana aiki a ko'ina a duniya ban da Isra'ila. Ga Masar da ta sha yaƙi da Isra'ila ta sa hannu a sulhu tun 1979, Jodan ta bi a 1994, Daular Larabawa da Bahrain da Maroko suka bi a 2020. To ita Pakistan me take karewa? Ni a ganina addini ne zalla, tunda ƙasa ce da aka kafa da sunan Musulunci. Amma ina son jin ta bakinku.

MamanHanif:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ai amsar a fili take. Masallacin Ƙudus shi ne alƙiblarmu ta farko, kuma mutanen da aka kora daga gidajensu a 1948 har yau jikokinsu suna sansanonin gudun hijira a Lebanon da Jodan. Wanda ya ƙi sa hannu a kan wannan zalunci ba shi ya kamata a tambaya dalili ba. Waɗanda suka sa hannun su za a tambaya.

Nura_Tarihi:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma mu koma tushe mu ga yadda abin ya faro. Pakistan ta samu 'yanci ran 14 ga Agustan 1947. Ran 29 ga Nuwambar wannan shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kaɗa ƙuri'a kan raba Falasɗinu gida biyu. Ƙasashe 33 suka goyi baya, 13 suka ƙi, 10 suka ƙaurace. Jagoran tawagar Pakistan, Muhammad Zafarullah Khan, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata wajen sukar shirin, har Larabawa da kansu suka riƙa yaba masa. Hujjar da ya kafa ta doka da siyasa ce: Majalisar ba ta da hurumin yanka ƙasar wasu ta ba wasu ba da yardar mafi yawan mazaunanta ba, kuma ƙasashen Yamma masu tausaya wa Yahudawa su ya kamata su buɗe musu ƙofa maimakon ɗora nauyin a wuyan Falasɗinawa. Jinnah, jagoran kafa Pakistan, shi ma ya aika wa Shugaba Truman na Amurka saƙon ƙorafi a kan hukuncin.

Sai dai Sadiq, duba su wa ke cikin 13 ɗin nan. Akwai Indiya da Girka da Kuba, waɗanda Musulmi ba su da rinjaye a cikinsu. Akwai kuma Turkiyya da Iran. Turkiyya ta juya ta amince da Isra'ila a 1949, Iran ta zamanin Shah ta bi a 1950, suka yi ta hulɗa har juyin 1979. Indiya ta amince a 1950, amma sai 1992 ta ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci. Da addini ne kaɗai ma'auni, da Turkiyya ba ta riga Indiya ba.

Sadiq_Fagge:
Malam Nura, Turkiyyar wancan lokacin ai ta magadan Ataturk ce, sun raba addini da gwamnati. Pakistan kuwa da sunan addinin aka yanke ta daga Indiya. Ba za a haɗa su ba.

Kabiru_Sabongari:
To ai nan ma akwai magana. Ƙasashen biyu duk daga hannun Birtaniya suka fito, wata tara ne tsakaninsu, duk ta hanyar raba ƙasa, duk da hujjar cewa mabiya wani addini suna buƙatar gida nasu na kansu. Yaya za ka ce raba Indiya daidai ne, raba Falasɗinu kuma haramun?

Nura_Tarihi:
Kabiru, 'yan Pakistan suna da amsar wannan tun 1947. Suna cewa Musulmin Punjab da Sindh da gabashin Bengal a ƙasar kakanninsu suke, su ne masu rinjaye a yankunan, ba daga wata nahiya aka kwaso su ba. A Falasɗinu kuwa Yahudawa kusan kashi ɗaya cikin uku ne a lokacin, yawancinsu zuwan baya-bayan nan daga Turai, amma shirin ya ba su fiye da rabin ƙasar. Ko ka yarda da hujjar ko ba ka yarda ba, wannan bambancin suke kafawa.

Abu_Jidda:
Ni ban yi karatun tarihi ba, amma ina aiki da mutanen nan kullum. A garejin da muke gyaran sanyin mota a nan Jidda akwai wani dattijo mutumin Peshawar. Da ya fito da fasfonsa zai kai a sabunta masa iƙama, da yatsa ya nuna mini layin nan a shafin koren fasfon, yana nuna shi kamar wanda ke nuna lambar yabo. A murfin akwatin kayan aikinsa akwai hoton ƙubbar Sakhra da ya manna, duk baƙin mai ya ɓata gefensa. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a 2023, in muka zauna cin abincin rana ba ya taɓa lemon kamfanonin Amurka, sai shayi. Na tambaye shi ko gwamnatinsu za ta iya canza ra'ayi wata rana. Ya ce duk shugaban da ya kuskura, a ranar Karachi da Lahore za su tsaya cak. Kuma mutumin nan ba ɗan wata ƙungiya ba ne, sallarsa kawai yake yi da neman abincin 'ya'yansa. Saboda haka ni ina tare da Sadiq ta wannan fuskar: ko masu mulki suna da wani lissafi, talaka dai addini ne ya riƙe shi.

Lauya_Hadiza:
Har yanzu ba wanda ya ambaci Kashmir, yankin da Indiya da Pakistan ke jayayya a kansa, alhali nan gizo ke saƙa. Tun 1948 Pakistan take riƙe da ƙudurorin Kwamitin Sulhu, musamman mai lamba 47, wanda ya nemi a yi ƙuri'ar raba gardama mutanen Kashmir su zaɓi makomarsu. Duk ƙarfin hujjarta a gaban duniya shi ne cewa riƙe ƙasa da soja, komai daɗewa, ba ya mayar da ita halal. Mutumin da yake gaban alƙali yana neman gonarsa da aka ƙwace ba zai je wata shari'ar ya ba da shaida cewa wanda ya daɗe yana noma gonar ƙwace ta zama tasa ba. In Pakistan ta amince da Isra'ila alhali Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus suna ƙarƙashin mamaya tun 1967, Indiya za ta ce ga shi kun yarda da abin da ke ƙasa, sai ku yarda da na Kashmir. Imran Khan ya faɗi kusan haka a fili a 2020 yana firaminista, lokacin da Daular Larabawa ta sa hannu, cewa yin watsi da Falasɗinawa daidai yake da sakin Kashmir. Kuma shekara guda kafin nan, ran 5 ga Agustan 2019, Indiya ta soke matsayi na musamman da Kashmir ke da shi a tsarin mulkinta, raunin bai warke ba.

MamanHanif:
Lauya, wato kina nufin don kansu suke yi, ba don Allah ba?

Lauya_Hadiza:
A'a Yaya, ban shiga zuciyar kowa ba. Cewa na yi imanin jama'a da buƙatar gwamnati sun haɗu a wuri ɗaya, shi ya sa matsayin ya yi ƙarko haka. Inda suka rabu a wasu ƙasashen kin ga abin da ya faru.

Tsohon_Soja_77:
Ina so in gyara wa Sadiq abu ɗaya. Gaskiya ne ƙasashen ba su yi yaƙi gaba da gaba ba, amma matuƙan jiragen yaƙin Pakistan sun shiga. A yaƙin 1967 Saiful Azam, wanda aka tura Jodan aikin horaswa, ya kakkaɓo jiragen Isra'ila. Mutumin gabashin Pakistan ne, daga baya ya koma rundunar Bangladesh. A 1974 Sattar Alvi ya harbo wani yana tuƙa jirgin Siriya. 

Sannan ku sa batun nukiliya a lissafi. Da Isra'ila ta ragargaza tashar Osirak ta Iraƙi a 1981, hankalin sojojin Pakistan ya tashi a kan tasu cibiyar ta Kahuta, suka yi shekaru cikin fargabar za a haɗa baki da Indiya a kai mata hari. A Mayun 1998 suka yi gwajin bam ɗinsu a Chagai. Daga 1992 zuwa yau kuma Isra'ila ta zama cikin manyan masu sayar wa Indiya makamai. Ta taimaka mata a rikicinta da Pakistan a Kargil a 1999, Modi ya je Isra'ila da kansa a 2017, firaministan Indiya na farko da ya yi haka, kuma a artabunta da Indiya na Mayun 2025 Pakistan ta ce jirage marasa matuƙa ƙirar Isra'ila ta yi ta kakkaɓowa. A wurin janar ɗin Rawalpindi, inda hedkwatar sojan Pakistan take, Isra'ila ita ce mai ba abokin gaba makami. A ƙasar nan kuwa ba a yanke babban hukuncin harkokin waje ba da yawun soja ba.

Kabiru_Sabongari:
Ranka ya daɗe, wannan hujjar tana iya juyewa. Akwai 'yan Pakistan masu cewa ƙin hulɗar ne ya tura Isra'ila hannun Indiya gaba ɗaya. Kuma tunda an ambaci soja, a faɗi duka. A 1970, lokacin da sojojin Jodan suka far wa mayaƙan Falasɗinawa a Satumba, Zia-ul-Haq yana can yana birgediya cikin tawagar Pakistan, kuma a ɓangaren Sarki Hussaini ya tsaya. Shi ne daga baya ya zama shugaban Pakistan da ya fi kowa ɗaga tutar Musulunci. Ran 1 ga Satumban 2005 ministan harkokin wajen Pakistan Khurshid Kasuri ya zauna da takwaransa Silvan Shalom a Istanbul a bainar jama'a, lokacin da Isra'ila take janyewa daga Gaza. A watan nan shugaban Pakistan na lokacin, Musharraf, ya yi jawabi ga wata babbar ƙungiyar Yahudawan Amurka a New York. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: talaka irin abokin Abu_Jidda yana hana kansa lemo, manya kuma suna gaisawa a otal.

Abu_Jidda:
Kabiru, shi dattijon ya san da wannan, ba ɓoye masa aka yi ba. Shi ya sa ba ya ganin Musharraf da gashi.

Lauya_Hadiza:
Kabiru, ganawa daban, amincewa daban. Ƙasashe suna magana da abokan gabarsu ko ana tsakiyar yaƙi. Amincewa kuwa mataki ne na doka, kana cewa wannan ƙasa ce halattacciya mai cikakken iko, kuma da wuya a janye shi in an bayar. Sannan yanke hulɗa ma wani abu ne na uku: kana iya amincewa da ƙasa amma ka rufe ofishin jakadancinka. Ganawar Istanbul gwajin ruwa ce, Musharraf ya ga yadda gida ya ɗauka, abin bai wuce nan ba. A 2022 ma gidan talabijin na gwamnati ya sallami wani mai gabatar da shiri saboda ya bi wata tawaga zuwa Isra'ila.

Malam_Tukur:
Tunda ana ta cewa addini, bari in sa baki kaɗan, don kada a ɗauka malamai bakinsu ɗaya. Bayan yarjejeniyar Oslo tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa, Shaikh Ibn Baz, muftin Saudiyya, ya ba da fatawa cewa sulhu da Yahudawa ya halatta in shugaba ya ga maslaha, ya kafa hujja da sulhun Hudaibiyya da ayar Suratul Anfal mai cewa in sun karkata ga zaman lafiya kai ma ka karkata. Shaikh Yusuf al-Ƙardawi ya yi masa raddi, ya ce ayar tana magana ne a kan wanda ya karkata ga zaman lafiya da gaske, wanda kuwa yake riƙe da ƙasar da ya ƙwace bai karkata ba. Shi ma Ibn Baz ya bayyana cewa sulhu ba ya nufin mallaka musu ƙasar har abada. Kun ga saɓanin ba a kan zama da Yahudu ba ne, Annabi (SAW) ya yi yarjejeniya da su a Madina, ya yi ciniki da su. Saɓanin a kan ƙasar da aka ƙwace ne da matsayin masallaci. Duk wanda ya mayar da maganar ƙiyayya ga kowane Bayahude ya ɓata hujjar da hannunsa.

MamanHanif:
Allah ya gafarta Malam, Hudaibiyya ai shekara goma aka yanka mata, ba a buɗe ofishin jakadanci ana ta cinikin makamai ba.

Malam_Tukur:
Hajiya, wannan yana cikin abin da masu raddin suka faɗa. Ni saɓanin na kawo, ban yanke ba.

Ummi_Damagaram:
Mu a Nijar mun ga abin nan hawa-hawa. Diori Hamani ya yanke hulɗa da Isra'ila a farkon 1973, aka mayar a 1996, sannan gwamnatin Tandja ta sake yankewa a 2002 lokacin intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa. Addinin 'yan Nijar bai canza ba tsakanin shekarun nan, gwamnatoci da yanayi ne suka canza. Shi ya sa maganar Lauya ta fi kama mini hankali.

Garba_Njamena:
Namu na Chadi ya fi naku bayyana, Ummi. Tombalbaye, wanda ba Musulmi ba ne, shi ya yanke hulɗa a 1972 lokacin da yake neman shiri da Gaddafi. Idriss Deby, Musulmi, shi ya je Isra'ila a ƙarshen 2018, Netanyahu ya zo N'Djamena a Janairun 2019 aka mayar da hulɗa. Ɗansa Mahamat ya buɗe ofishin jakadanci can a 2023, a ƙarshen shekarar kuma ya kira wakilinsa gida saboda Gaza. Ba wanda ya tambaye mu a kasuwa ko a masallaci kafin a yi ko ɗaya daga ciki.

Baba_Ilu:
Yara, ku bari in tuna muku namu. Sardauna bai yarda gwamnatin Arewa ta karɓi rancen Isra'ila ba, alhali gwamnatin tarayya a Ikko tana hulɗa da ita, Yamma da Gabas suna aiki da kamfanoninta. Gowon ya yanke hulɗa a 1973 tare da mafi yawan ƙasashen Afirka. A 1984 Sarkin Kano Ado Bayero da Ooni na Ife suka je Isra'ila, da suka dawo gwamnatin Buhari ta karɓe fasfonsu, ta hana su fita yankunansu har wata shida. Ina Kano a lokacin, a kowace majalisa maganar ke nan, wasu na jin zafin an taɓa Sarki, wasu na cewa me ya kai shi. Shekara takwas bayan haka, a 1992, Babangida ya mayar da hulɗar.

Mai_Zaure:
Mun gode Baba, Allah ya ƙara girma. Jama'a a dawo kan tambayar Sadiq, Pakistan ake magana. Kuma na goge saƙonni biyu masu zagi, don Allah a kiyaye harshe.

Nura_Tarihi:
To ga abin da zai gwada maganar Sadiq daga cikin tarihin Pakistan kanta. Isra'ila ba ita kaɗai ta taɓa hana wa amincewa ba. Bangladesh ƙasar Musulmi ce, amma bayan ɓallewarta a 1971 Pakistan ta ƙi amincewa da ita har Fabrairun 1974, lokacin taron ƙolin ƙasashen Musulmi a Lahore, da shugabanni suka sa baki firaminista Bhutto na Pakistan ya sauko, Mujibur Rahman na Bangladesh ya zo taron. Gwamnatin Taliban ta farko Pakistan ta amince da ita a 1997 tare da Saudiyya da Daular Larabawa, amma da suka dawo a 2021 ba ta yi gaggawar maimaitawa ba.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne Armeniya. Fiye da shekara 30 Pakistan ta ƙi amincewa da ita saboda goyon bayan Azarbaijan a rikicin Nagorno-Karabakh, har ta zarce Azarbaijan ɗin da Turkiyya a wannan. Da shugabannin Armeniya da Azarbaijan suka sa hannu a kan sanarwar zaman lafiya a Washington a Agustan 2025, kafin watan ya ƙare Pakistan da Armeniya suka ƙulla hulɗar jakadanci a birnin Tianjin na China. Ita kuma Azarbaijan ɗin da aka yi duk wannan dominta, aminiyar Isra'ila ce ta ƙut da ƙut, tana sayar mata da mai, tana sayen makamanta, ta buɗe ofishin jakadanci a Tel Aviv a 2023. Wannan bai taɓa ɓata tsakaninta da Pakistan ba.

Sadiq_Fagge:
Wannan na Armeniya ban taɓa ji ba. Amma Malam Nura, ni sai na ga kamar ya ƙarfafa maganata. Armeniya an shirya da ita dare ɗaya, ba wanda ya fito titi a Lahore. Ka gwada haka da Isra'ila ka gani. Abin da ya bambanta su ai Ƙudus ne.

Tsohon_Soja_77:
Nan kam Sadiq ya kama wani abu. Jam'iyyun addini irin Jama'atu Islami da ta Maulana Fazlur Rahman suna iya cika titi a kan wannan batu cikin kwana ɗaya, kuma ba su kaɗai ba, har 'yan boko masu ra'ayin gurguzu suna tare da su a nan.

Aliyu_Malang:
Ina karatu a Indonesiya, kuma abin da na gani a nan ya sa ba na yarda a ce addini kaɗai ko siyasa kaɗai. Ita ma ba ta da hulɗa da Isra'ila, amma in ka tambayi ɗalibi dalili, abin da zai fara kawo maka shi ne gabatarwar tsarin mulkinsu na 1945, wadda ta ce dole a kawar da mulkin mallaka daga doron ƙasa. Shugabansu na farko Sukarno ya hana Isra'ila shiga wasannin Asiya na 1962 a Jakarta. A 2023 FIFA ta ƙwace musu karɓar baƙuncin gasar 'yan ƙasa da shekara 20 saboda ƙin karɓar tawagar Isra'ila, ta kai Ajantina. Cikin waɗanda suka fi tsayawa a kan ƙin akwai gwamnan Bali, tsibirin da mabiya Hindu suka fi yawa, ɗan jam'iyyar 'yar Sukarno. A gefe guda kuma Abdurrahman Wahid, jagoran Nahdlatul Ulama, babbar ƙungiyar malaman ƙasar, shi ne ya je Isra'ila a 1994, da ya zama shugaban ƙasa kuma ya nemi a buɗe hulɗar kasuwanci, aka taso masa. Abokan ajina sun yi kuka a kan gasar nan, masoya ƙwallo ne na gaske, amma da yawansu sun ce in za a sake, haka za su zaɓa.

Kabiru_Sabongari:
Duk na ji. Tambayata ɗaya ce, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta: shekara fiye da 75 na ƙin amincewa, taƙi nawa na ƙasa ya dawo wa Bafalasɗine? Masar da ta zauna a teburi ta karɓo Sinai. Jodan tana riƙe da kula da masallacin. Ko agajin da ke shiga Gaza ta hannun masu hulɗar yake bi. Pakistan fa, ban da rubutu a fasfo?

MamanHanif:
Waɗanda suka sa hannu a 2020 fa, me suka dawo da shi? An ce za a dakatar da haɗe Yammacin Kogin Jodan, amma gine-ginen 'yan kama-wuri-zauna ba su tsaya ba ko na wata guda. Gaza kuma kowa ya gani da idonsa. Ni uwa ce, hotunan yaran nan ba sa barina barci. In ba zan iya hana zalunci ba, aƙalla kada a ga hannuna a takardar.

Lauya_Hadiza:
Kabiru, Masar Sinai tata ta karɓo, ba ƙasar Falasɗinawa ba. Ka duba farashin sauran. Maroko ta samu Amurka ta amince mata da Yammacin Sahara. Sudan, wadda a Khartoum ɗinta aka yi taron 1967 na ba sulhu, ba amincewa, ba tattaunawa, ta samu an cire ta daga jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Disamban 2020, bayan ta biya diyyar dala miliyan 335. Kowa abin gidansa ya karɓa. Amincewa abu ne da ake bayarwa sau ɗaya, shi ya sa shirin zaman lafiya na Larabawa na 2002, wanda Yarima Abdullah na Saudiyya ya gabatar a Beirut, ya ɗaure shi da sharaɗi: janyewa zuwa iyakokin 1967 da kafa ƙasar Falasɗinu, sannan kowa ya amince. In manyan ƙasashe irin Saudiyya da Pakistan da Indonesiya suka bayar kyauta, me ya rage a hannun Falasɗinawa da za a yi ciniki da shi?

Injiniya_Bala:
Ni ta fuskar aljihu nake kallo. Pakistan tana da mutane sama da miliyan 240, kullum tana ƙofar IMF, kuma miliyoyin 'ya'yanta suna aiki a Saudiyya da Daular Larabawa suna aika kuɗi gida. Saudiyya ta sha ajiye mata biliyoyin daloli a babban bankinta. Imran Khan da bakinsa ya ce an matsa masa lamba a 2020. Ranar da Riyadh ta sa hannu, ban ga yadda Islamabad za ta daɗe a waje ba.

Tsohon_Soja_77:
Injiniya, ban yarda ba. Sarki a Riyadh ba ya tsayawa zaɓe, ɗan siyasar Lahore yana tsayawa. Daular Larabawa ma tana ba su bashi, ta sa hannu tun 2020, ba su bi ta ba. Kuma bayan harin da Isra'ila ta kai Doha a Satumban 2025, Saudiyya ce ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Pakistan cikin watan nan. Buƙatar ba ta gefe ɗaya ba ce yanzu.

Injiniya_Bala:
Yarjejeniyar nan ai ƙara ɗaure su ta yi wuri ɗaya, Yallaɓai. Duk inda babban ya juya, ƙaramin zai ji jan igiyar.

Ummi_Damagaram:
Ina da tambaya ga Lauya. Matsayin gwamnatin Pakistan a hukumance mene ne? Ba za su taɓa amincewa ba ne har abada, ko sai an cika wani sharaɗi?

Lauya_Hadiza:
Abin da ma'aikatar harkokin wajensu take maimaitawa shi ne ƙasar Falasɗinu mai cin gashin kanta a kan iyakokin kafin 1967, da Ƙudus a matsayin babban birninta. Wanda ya ce iyakokin 1967 kuwa ya san akwai wata ƙasa a ɗaya gefen layin. Shugaba Prabowo na Indonesiya ya fito da shi ƙarara a 2025, ya ce in Isra'ila ta amince da Falasɗinu su ma a shirye suke su amince da ita. Pakistan ba ta cika furta rabin na biyun ba, saboda gida.

Abu_Jidda:
In dai dattijon garejinmu ne, ba 1967 a lissafinsa. Shi daga 1948 yake ƙirga.

MamanHanif:
Ni ma daga nan nake ƙirgawa. Wanda aka kora daga Haifa da Yafa fa, Lauya, iyakar 1967 ta mayar da shi gidansa?

Lauya_Hadiza:
Ba ta mayar ba, Yaya. Batunsu yana ƙarƙashin ƙuduri mai lamba 194 na Disamban 1948, wanda ya yi maganar komawa gida ko biyan diyya, kuma yana cikin abubuwan da suka hana a daidaita a taron sulhun Isra'ila da Falasɗinawa na Camp David a 2000. Malam Nura ya fi ni sanin yadda aka yi a zaman nan, in yana kusa ya ɗora.